Kan da ke bayan bango: abin da ake kashewa a ƙarshen Doom II

[Baƙin allo. Muryar ita kaɗai, sau biyu.]

Kun ji ta ko? To wannan muryar ce ta hana mu sakat satin nan. Tun Litinin ake turo min ita a WhatsApp, kowa da tasa fassarar. Wani ya ce tsafi ne, wani ya rantse yaren aljanu ne. Kawuna na Ƙofar Marusa da ya ji ta a wayar ƙanena, sai da ya ja a'uziyya sau uku, ya ce a fitar masa da wayar daga zaure.

Salamu alaikum jama'a, daga Katsina ta Dikko ɗakin kara.

[Hoton kwalin gem ɗin, sai sojan yana gudu yana harbi.]

Gem ɗin sunansa Doom II. Kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ne ya fitar da shi a 1994, bayan na farkon da ya fito a Disambar 1993. Labarin ba shi da wani tsawo. Wani kamfani yana gwajin ƙofofin tafiya tsakanin watanni biyu na duniyar Mas, ƙofa ta buɗe ta inda ba a so, dodanni suka kwararo. A na biyun har sun iso duniyarmu. Kai kuma soja ne ɗaya tilo da bindiga. Shi ke nan, yi ta harbi.

Ita kuwa muryar, a matakin ƙarshe na gem ɗin ake jin ta, Turanci ne zalla aka juya shi ta baya, aka ƙara masa kauri. Ga ta nan na maido ta daidai.

[A saki sautin.]

Ma'anarta, in kana son cin wasan nan, sai ka kashe ni, John Romero. Romero ɗaya ne daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri gem ɗin. Yadda shi da kansa ya ba da labarin, masu zanen kamfanin ne suka ɓoye hoton kansa a matakin ƙarshe don tsokana, ya gano, sai ya tafi wurin mai haɗa musu sauti, Bobby Prince, suka naɗi wannan magana don masu tsokanar su san ya gani. Aljanin ke nan. Wasan abokan aiki ne.

Amma ba wannan ya sa na yi bidiyon ba. Ku riƙe kalmar nan, sai ka kashe ni. Ba barkwanci ba ce kawai, bayanin yadda ake cin gem ɗin ne, kuma nan ne kusan duk wanda ya yi min magana ya ɓata.

[Mataki na 30. Katuwar fuskar dodon ta cika bango.]

Ga bos ɗin, wato babban dodon ƙarshe. Fuska ce kamar ta bunsuru, ƙahoni har sama, goshi a fashe ƙwaƙwalwa a waje. Jiya a gidan gem ɗin da ke bayan layinmu na tsaya kan wani yaro kusan minti ashirin. Ya ƙarar da harsashi a idon dodon, ya koma hanci, ya ɗauko babbar bindigar nan mai koren wuta ya sake mata duka. Gumi yake kamar mai sussukar gero. Ya juyo ya ce min, Yaya, wallahi gem ɗin nan ya lalace. Na ce masa, ƙanena, bango kake harbi.

Bango fa nake nufi, ba habaici ba. Wannan fuskar zane ce aka manna, ba ta da rai a lissafin gem ɗin. Daidai take da hoton zakin da ake zanawa a bayan tirela. Ko ka kwana kana harbinta, ba abin da zai ragu.

[Taswira daga sama. A zagaye ramin goshi da ja.]

Ku dubi goshin da kyau. Ramin nan da ƙwaƙwalwa take leƙowa, rami ne na gaske, ya shige cikin bango kamar rariya. Can ƙarshensa akwai ɗan ɗaki, a ciki kan Romero yake a soke a jikin sanda. Shi ne bos ɗin. Ransa 250 ne kacal, bai kai na dodanni da yawa da ka riga ka wuce ba. Mutanen Daura ba sai na yi muku dogon bayani ba, tun zamanin rijiyar Kusugu kun san kai ake nema.

To me zai hana ka harba cikin ramin kawai? Abu biyu.

Na farko, a Doom na asali ba a ɗaga kai. Ba ka duban sama, ba ka duban ƙasa. In akwai dodo a gabanka a kan tudu, gem ɗin ne yake saita maka bindiga da kansa. Amma tun da fuskar nan ba dodo ba ce a wurinsa, ba abin da zai saita. Harbinka zai tafi miƙe ɗoɗar daga tsayin da kake tsaye. Kana ƙasa, sai ya bugi haɓa.

A nan ruɗanin ya samo asali. Wasu bidiyon da kuke gani a TikTok, da wata manhaja ake bugawa mai suna GZDoom, wadda take barin mutum ya ɗaga kai da linzamin kwamfuta. Ka ga mutum ya tsaya daga nesa ya saita goshi, fau, fau, an gama. Kai kuma ka zo da naka mai bin tsarin asali kana neman yin haka. Ba hannunka ba ne matsalar.

Na biyu, ba kan kake samu kai tsaye ba, yana ɓoye. Roka ce take shiga ramin ta fashe a ciki, hucin fashewar ya same shi. Harsashi ba ya fashewa, shi ya sa sai roka.

[Gudu zuwa saman matakala, danna makunni, ginshiƙi yana tasowa.]

Saboda haka dole kai ne za ka hau zuwa tsayin ramin. Ka haura matakalar baya, ka danna makunnin nan. Ga ginshiƙi ya taso a tsakiya kamar hasumiyar Gobarau. Ka sauko, ka taɓa shi ya sauka, ka hau, ya fara ɗaga ka.

Yanzu ku natsu, zan rage gudun hoton.

Kada ka jira ya kai ƙarshe. Ka ji? Kada ka jira. In ya tsaya cak a sama, ka riga ka wuce ramin da kaɗan, rokarka za ta bugi saman goshi. Tun yana tafiya, dab da zai tsaya, nan za ka saki. Ga shi. Ga shi kuma. Kun ji ƙarar da ya yi? Wannan ihun shi ne shaidar ta shiga. In ba ka ji shi ba, ka yi asarar roka, sauka ka sake hawa. Kamar uku masu kyau sun isa.

Kuma duk wannan, yana ta tofo wasu akwatuna suna zama sabbin dodanni, ba su ƙarewa. Wanda ya tsaya yaƙi da su ya zama mai kwasar ruwa da kwando. Ni a ganina wannan ya fi yawancin bos ɗin zamanin nan dabara, duk da na san masu jin haushinsa sun fi yawa. Ranar da na fara cinsa, roka biyu sun shiga, ina kan ta uku aka ɗauke wuta. Ban yi wa kowa magana ba a gidan sai bayan isha'i.

[Hotuna da sauri.]

Saura a gurguje. A kwamfuta, kana cikin wasan, rubuta kalmar magudi idclip, ka ratsa bango ka ga kan ido da ido. Ga shi, da gashinsa har kafaɗa a zahiri, nan kuwa an bar shi a sanda. Rubuta iddqd, harbi ba ya kama ka, amma in akwatin nan ya sauka daidai inda kake tsaye, ko da shi sai ka mutu. Kada ka kai iddqd cikin gem ɗin Heretic, can kashe ka yake yi nan take, ladan magudi.

Daga mataki na 15 akwai ɓoyayyiyar hanya zuwa na 31, wanda aka kwaikwayo daga tsohon gem ɗinsu Wolfenstein 3D. Daga can sai na 32, inda za ka tarar da Commander Keen, jarumin wani gem ɗinsu na yara, guda huɗu a rataye. A mataki na 15 ɗin dai akwai wani sirri da aka shekara 24 ba wanda ya buɗe shi ba tare da magudi ba, sai a 2018 wani mai suna Zero Master ya sa dodo ya tura shi ciki. Romero da kansa ya taya shi murna.

[Zauren Kawu, daga ƙofa. Takalma kawai ake gani.]

Na koma wurin Kawu da sautin da na maido daidai. Na ce, Kawu, ka ji, mutum ne, Turanci yake yi. Ya saurara har sau biyu, ya gyara zaman hularsa. Ya ce, to shi wannan ɗin, da hankalinsa ya ce a kashe shi? Na ce wasa ne, Kawu. Ya ce duk da haka wayar ta tsaya a waje.