Amsoshin Tambayoyinku: Siffofin Latin na koɗewar launi da lalacewa

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako duk a kan harshen Latin suke, muna kuma tare da malamin da ke koyar da shi. Malam, ta farko daga wani ɗalibin likitanci ce a Zariya. Ya ce yana yawan cin karo da pallidus, pallidum da pallor, shin abu guda ne? Me kuma ya raba su da lividus?

Malam: To, madalla. 'Yan gida ɗaya ne, kuma wanda ya gane tsarin gidan ya huta da hadda. Saiwa guda takan ba da kalma huɗu. Aikatau mai ƙarewa da -eo yana nuna halin da abu ke ciki: palleo, na koɗe. Suna mai ƙarewa da -or shi ne halin kansa: pallor, koɗewa. Siffa tana ɗaukar -idus: pallidus, koɗaɗɗe. Sai -esco, mai nuna an fara shiga halin: pallesco, na soma koɗewa. Haka liveo, livor, lividus, livesco suke tafiya, haka ma marceo, marcor, marcidus, marcesco.

Sauyin ƙarshen siffa kuwa maganar jinsi ce. Latin na da jinsi uku: -us na namiji, -a na mace, -um na wanda ba namiji ba mace. Shi ya sa wani sashe na ƙwaƙwalwa yake globus pallidus, domin globus namiji ne. Ƙwayar cutar tunjere, wadda Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano a Berlin a 1905, da farko Spirochaeta pallida aka kira ta. Da aka mayar da ita Treponema, dole siffar ta koma pallidum. Nan ɗalibai ke tuntuɓe: sun ga -a a ƙarshen Treponema sai su ɗauka mace ce, alhali sunaye masu -ma da aka aro daga Girkanci jinsi na uku ne. An ce mata koɗaɗɗiya ne saboda ba ta kama rini sosai, da ƙyar ake ganinta a madubin likita.

Pallidus launi ne da ya janye, jini ya bar wurin. A wajen Romawa ba fari fat ba ne, yakan karkata zuwa rawaya-rawaya ko kore-kore. Lividus akasinsa ne ta fuskar dalili: jini ne ya taru ya kwanta, wurin ya yi shuɗi-shuɗi, launin darma, irin tabon duka. Daga nan aka samo livor mortis, kwanciyar jini a ɓangaren gawa da ke ƙasa. Yakan fara bayyana cikin awa 2 na farko, ya zauna daram wajen awa 8 zuwa 12. Kafin ya zauna, in an danna da yatsa wurin zai yi haske, bayan nan ba zai yi ba. Ɗalibinmu ya lura cewa a baƙar fata ba a fuska ake neman pallor ba, a duba cikin fatar ido ta ƙasa, da tafin hannu, da harshe. Livor na da ma'ana ta biyu a adabi, wato hassada, don haka mutum lividus a waƙa yakan zama mahassadi.

Akwai ta uku da ake haɗawa da su, luridus. Ita rawaya ce ta rashin lafiya, mai ban ƙyama. Mawaƙan Rum sun siffanta ƙazaman haƙora da farar wuta da ita.

Mai gabatarwa: Wata mai sauraro daga Maraɗi, mai karatun gandun daji, tana tambaya ko decolor da discolor kuskuren rubutu ne na kalma guda.

Malam: A'a, Malama, kalmomi biyu ne, kuma bambancin yana a ɗafa-goshi. De- na nuna cirewa ko gangarowa, don haka decolor abu ne da launinsa na asali ya tafi ko ya ɓaci. Daga nan ma'anar ta miƙe zuwa lalacewar hali. Mawaƙin Rum Virgil, a littafi na 8 na waƙarsa Aeneid, ya kira zamanin da ya biyo bayan zamanin zinariya decolor aetas, wato zamanin da ya dusashe. Dis- kuwa rarrabuwa yake nunawa. Discolor abu ne mai launi daban-daban, babu aibu a ciki ko kaɗan. In kin ga discolor a sunan tsiro, galibi ana nufin saman ganyen da ƙasansa ba launinsu ɗaya ba. Wanda ya fassara shi da koɗaɗɗe zai ɗauki lafiyayyen tsiro a matsayin marar lafiya. Duka biyun ba sa sauya ƙarshe saboda jinsi in suna tare da sunan tsiro, kada a ƙaga musu -a ko -um.

Tunda gandun daji kike karanta, ga matakala uku da za ki riƙa gani. Albus fari ne, albidus fari-fari, albescens mai komawa fari. Gawo shi ne Faidherbia albida saboda farin-farin rassansa. Sai dai a hattara da -escens. A nahawu tana nufin abu na kan hanyar zama, amma masana tsirrai sukan yi amfani da ita da ma'anar kusan-kusan kawai. Tsiro canescens ba tsufa yake yi ba, gajeren gashi mai launin toka ne ya lulluɓe shi har ya yi kamar furfura. Sanin wannan na da amfani har gobe, domin daga 1935 zuwa ƙarshen 2011 sai da bayanin Latin ake karɓar sunan sabon tsiro, daga farkon 2012 ne aka yarda da Ingilishi ma. Duk bayanan waɗancan shekaru da Latin suke.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Kumasi take. Yana son sanin siffofin da ke nuna raguwar ƙarfi, ba launi ba.

Malam: Kowace da irin lalacewar da take nunawa. Marcidus yaushi ne, na furen da ya langaɓe, har mutumin da giya ko barci ya kashe wa jiki. Vietus yanƙwanewa ce, ta ɗan itacen da ya bushe ko fatar tsoho. Tabidus narkewa ce da ramewa a hankali, kuma sunanta tabes ne. Likitoci na cewa tabes dorsalis ga lalacewar bayan laka da tunjere ke jawowa bayan shekaru in ba a yi magani ba.

Caducus ta fi su faɗi. Daga cado take, wato faɗuwa. A tsoffin littattafan likitanci morbus caducus farfaɗiya ce. A shari'ar Rum, bayan dokar Papia Poppaea ta shekara ta 9 miladiyya a zamanin Sarki Augustus, rabon gadon da wanda aka yi wa wasiyya bai cancanci karɓa ba, misali don bai yi aure ba, ana kiransa caducum. Ya faɗi daga hannunsa, ya koma ga magada masu 'ya'ya, in babu su ya shiga baitulmali.

A ilimin tsirrai lokaci ne ke raba su. Caducus ya faɗi da wuri, kamar ganyen da ke rufe tohon fure ya zube da zarar furen ya buɗe. Deciduus yana zuba ne in lokacinsa ya yi. Marcescens ya bushe amma yana nan maƙale a jikin reshe. Wannan ta ƙarshe ce ke cikin sunan ƙwayar Serratia marcescens. A 1819 tuwon masarar mutanen yankin Padua a Italiya ya riƙa yin ja kamar jini, wani mai haɗa magunguna, Bartolomeo Bizio, ya bi diddigin abin, ya raɗa masa wannan suna a 1823 saboda saurin lalacewarsa.

Mai gabatarwa: Malam, mun gode, Allah ya ƙara basira. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da tambayoyi, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.