Lacca: Yadda inzayim ke sarrafa otofaji a cikin ƙwayar halitta

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sannunku da jure sanyin Jos na safiyar nan.

Ƙwayar halitta tana da nata 'yan jari-bola. Tsohon furotin da mitokondiriya (injin samar da makamashin ƙwayar) da ta lalace ana ƙunshe su a jaka mai ninki biyu, a kai wa laisosom (jakar inzayim masu narkarwa) ya narkar, a sake gini da abin da ya fito. Christian de Duve ya raɗa wa aikin suna otofaji a 1963, Yoshinori Ohsumi kuma ya ci kyautar Nobel a 2016 kan binciken da ya yi a yis.

To, wa ke ba da umarni? In amino asid sun wadata, mTORC1, inzayim mai lura da wadatar abinci, yakan liƙa wa ULK1, inzayim mai kunna otofaji, fosfet ya daƙile shi. Da yunwa ta zo, ATP, makamashin ƙwayar, ya ragu, sai AMPK, inzayim mai lura da makamashi, ya taka wa mTORC1 birki, ULK1 ya samu sake. Daga nan inzayim VPS34 da furotin Beclin 1 su samar da kitsen PI3P, alamar wurin da za a fara ɗinka jakar.

Ku riƙe wannan jerin, don yana fitowa a jarrabawa. Inzayim ATG4 ne ke datse wutsiyar furotin LC3 har gilaisin, wani amino asid, ya bayyana. ATG7 ya karɓi LC3 ɗin ya miƙa wa ATG3, sannan ATG12, ATG5 da ATG16L1 su taimaka a manna shi da kitsen PE na jikin jakar. LC3 da aka manna ɗin shi ne LC3-II. Ran da aka rasa ATG7, aikin ya tsaya cak.

Ga inda masu bincike ke tafka kuskure. Mutum ya ga LC3-II ya yi yawa sai ya ce otofaji ya ƙaru. Ba lallai ba! Buhunan shara sun taru a ƙofar gida: sharar ce ta ƙaru, ko motar kwasa ce ba ta zo ba? Inzayim ɗin laisosom sai da tsami suke aiki, pH 4.5 zuwa 5. Kulorokwin, wanda muka sha don zazzaɓin cizon sauro, yakan taru a laisosom ya rage tsamin, jakunkuna su cunkushe ba a narkar ba.

Saboda haka ku raba samfurinku biyu, ɗaya da kulorokwin ko bafilomaisin A1, wanda shi ma ke rage tsamin laisosom, ɗaya babu. In LC3-II ya ƙara hawa bayan toshewar, aiki na gudana. In bai motsa ba, dama hanyar a toshe take. Ku duba p62 ma, furotin da ke kai shara cikin jakar, shi yakan ragu ne in narkarwa na tafiya daidai.