Idan Daɗaɗɗen Ciwon Huhu Ya Tashi, a Duba Ƙirji da Ƙafafu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan daɗaɗɗen ciwon huhun nan ne da likitoci ke kira COPD, wanda ke tsuke hanyoyin iska, mutum ya shekara yana tari da kaki, ɗan taku kaɗan sai haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai ya yi ajalin mutum sama da miliyan 3. Kuma ba mashaya taba kaɗai yake kamawa ba. Uwar da ta yi shekara talatin tana hura icce a ɗakin girki marar taga tana ciki, haka wanda ya warke daga tarin fuka amma huhun ya yi tabo.

Masu ciwon sun san akwai lokacin da yake tashi, musamman da hunturu, ko bayan mura. Numfashi ya sarƙe, kaki ya ƙaru, ya koma rawaya ko kore. Sai mutanen gida su ce, "Ai ciwon nasa ne ya motsa, zai lafa." To nan nake so mu tsaya, domin a waɗannan kwanakin jini da zuciya ma suna cikin haɗari.

Ku saurara da kyau. Duk sanda ƙwayar cuta ta shiga huhu, jiki kan tashi yaƙi, sinadaran da ke sa jini ya daskare su ƙaru a jijiyoyi. Zazzaɓi da yawan haki su ƙarar da ruwan jiki, jinin ya yi kauri. Ga mara lafiya kwance kwana uku, kwana huɗu, ko ban ɗaki sai an riƙe shi. Tun ƙarni na 19 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya yi aiki a kan yadda gudan jini ke tasowa, har yau da sunansa ake kiran dalilai ukun: jini ya daina gudu sosai, jini ya yi saurin daskarewa, ko bangon jijiya ya samu rauni. Kun ga mai wannan ciwo ya haɗa biyu a tabarma ɗaya.

Gudan jinin yakan fara ne a jijiyar cikin ƙwauri. Idan ya ɓalle, sai ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne alamarsa ita ce dai sarƙewar numfashi, irin wadda aka saba gani. A wani bincike da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2021, an duba masu COPD 740 da aka kwantar saboda numfashinsu ya tsananta, aka samu kusan 6 cikin 100 gudan jini ne a huhunsu.

Ita kuwa zuciya, aiki ya yi mata yawa, iskar oksijin ta yi mata kaɗan. Tana bugawa da sauri, maganin shaƙa irin salbutamol ma yana ƙara mata saurin. Wani bincike na Birtaniya a 2010, kan mutum sama da 25,000, ya nuna haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, ya ninka fiye da sau biyu a kwana biyar na farko bayan ciwon ya tashi. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki shi ma ya ɗan hau na wasu makonni. Don haka ko an sallamo Baba daga asibiti, watan farkon nan a sa masa ido sosai.

Yanzu ga aikin da za ku yi a gida. Ku yaye zanen, ku jera ƙafafun biyu, ku duba. Shin ɗaya ta fi ɗaya kumburi? Ku taɓa da bayan hannu, ta fi zafi? Idan akwai tef irin na tela, ku auna kaurin ƙwaurin a daidai wuri ɗaya, kamar santimita 10 ƙasa da ɗan tudun ƙashin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3, asibiti za a nufa. Don girman Allah kada a yi tausa, kada a murza da man zafi. Na san tausayi ke sa 'ya'ya su kama ƙafar Inna su yi ta matsawa, amma ƙafar da ake zargin gudan jini a cikinta ba a murza ta.

Haka nan idan ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora turmi, ciwon ya sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi. Ko tari ya fito da jini. Ko mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ko an shaƙi magani sau da sau numfashin bai saki ba alhali kakin bai canza ba, kada a jira gari ya waye. Kuna isa ku ce wa likita, "Wannan karon ba irin na kullum ba ne." Wannan maganar za ta iya sa a yi gwajin zuciya na ECG, a ɗebi jini, a ɗauki hoton jijiyoyin huhu in akwai na'urar.

Wanda aka kwantar, sau da yawa akan yi masa wata 'yar allura a fatar ciki don hana jini daskarewa. Ku tambaya ko ta dace da shi. Amma kada kowa ya je kemis ya sayo asfirin da kansa, domin yana iya jawo zubar jini a ciki, balle ga mai olsa. A ba mara lafiya ruwa gwargwadon yadda likita ya ce, a zaunar da shi, ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa ko yana kwance, da ya samu ƙarfi kuma a riƙa zagayawa da shi tsakar gida, nesa da hayaƙin murhu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan nuna yadda ake riƙe abin shaƙa daidai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.