Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Gidaje da Raya Birane Daga Injiniyoyi da Masu Zanen Gini na Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, wakilin Mai Martaba Sarki, iyayenmu shugabannin kasuwa, 'yan'uwa injiniyoyi da magina.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Kano ta Dabo, tumbin giwa. Mun yi murna ƙwarai da ka zaɓi ka taka tsakiyar kasuwancin garin nan da ƙafarka, daga Bata ka bi titin Murtala Muhammad har Kantin Kwari. Za ka ga hada-hada a ƙasa, ba masaka tsinke. Amma muna roƙon ka riƙa ɗaga kai, domin akwai benayen da samansu ya zama kufai: lif ya mutu, zafi ya kori 'yan haya, kuɗin dizal ya cinye kuɗin hayar.

Ciwon daga takardar zane yake farawa. Bene mai sanye da gilashi tun daga ƙasa har sama an ƙirƙiro shi ne don ƙasashen da ke marmarin rana. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tanda ne. Mai shi zai yi ta ƙara na'urar sanyi yana sauya janareta, alhali tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, ɓarnar wuta ta zama abin da ke rufe ofis.

Maganin farko kyauta ne: a daidaita fuskar gini. Dogayen ɓangarorin su kalli arewa da kudu. Gabas da yamma, inda hantsi da ranar la'asar ke shigowa a kwance, a toshe su da matakala, ramin lif da banɗakuna. Tagogin kudu a yi musu baranda mai inuwa. Nan ne masu kwafo zane daga Turai ke tuntuɓe, don suna barin fuskar arewa tsirara. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ranar azahar ta ɓangaren arewa take dukan gini. Ita ma fuskar tana son inuwarta.

Ranka ya daɗe, ma'aunin yana hannun ma'aikatarka. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta ce taga kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da abin inuwa, a sa wa rufi abin tare zafi, fitilun ofis kada su ci fiye da wat 8 a kowace murabba'in mita, na'urar sanyi kuma ta zama mai inbata, wato mai rage gudun injinta gwargwadon buƙata don tsimin wuta. Ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Wanda ya shiga Gidan Makama da tsakar rana ya san aikin kaurin bango da ƙaramar taga. A Harare ta ƙasar Zimbabwe, ginin Eastgate da aka buɗe a 1996 yana zuƙo iskar dare mai sanyi ta cikin kankaren benensa, kankaren ya riƙe sanyin har rana. Wannan dabara za ta ci a nan lokacin hunturu, amma a bazara da dare ma ke da zafi dole a haɗa da na'ura, kuma gara a faɗa wa mai gini gaskiya tun farko.

Sola na taimakawa, sai dai kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Kilowat ɗaya na cin filin murabba'in mita 5 zuwa 6, rufin bene mai hawa goma kuwa ɗaya ne tak, kuma tankuna da injina na rabon sa. Gwamma a yi wa wurin ajiye motoci ma rufi da faifan sola. A karkata su kudu kaɗan, a kai famfo har rufin, domin idan ba a wanke su duk mako a hunturu ba ƙura za ta danne wutar. Ƙurar ce kuma ke toshe matatar na'urar sanyi har injin ya ƙone. Ruwan wankin yana sama: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 1,000 zai tara lita 800,000 a daminar da ta ba da milimita 800. A zubar da ruwan farko mai datti, sauran a tara a tankin ƙasa, kwatar titi ma ta samu sauƙi a watan Agusta.

Sai batun da ya fi damun mu. Bene, komai kyansa, idan aka kewaye shi da katanga da ƙofa ɗaya, ba ya raya unguwa. Hawan ƙasa na titi ne. A ba shi shaguna, wurin cin abinci, masallaci da banɗakin jama'a, a yi rumfa mai faɗin mita 3 a gabansa don mai tafiya a ƙafa. A ware wa Adaidaita Sahu wurin sauke fasinja a cikin filin ginin, a buɗe wa motocin kaya da 'yan dako ƙofa ta baya. A bar hanyar motar kashe gobara a buɗe, a yi matakalar tsira biyu. 'Yan kasuwar Sabon Gari ba su manta da gobarar 2016 ba. Kafin a rusa tsohon bene kuma, a gwada ƙarfin ginshiƙansa. Idan rodi da kankare na da lafiya, sauya taga, lif da wayoyin wuta ya fi sabon gini arha da sauri.

Roƙonmu shi ne ma'aikatarka ta haɗa kai da jiha a mayar da ƙa'idar 2017 sharaɗin amincewa da zanen duk ginin ofis, a kuma fara da benayen gwamnati da ke nan tsakiyar gari. A Legas, Heritage Place da ke Ikoyi ya samu shaidar LEED ta gini mai tsimin makamashi. Injiniyoyin Kano a shirye suke su yi wanda ya dace da ranarsu da ƙurarsu.

Ranka ya daɗe, za mu fara zagayen tun rana ba ta take ba. Allah Ya yi maka jagora, Ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum.