Darasi: takardun da malamin lissafi zai buga wa yara masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da warhaka, daga nan Bauchi. Yauwa, ku matso ku ga abin da ke kan teburin nan. Yau maganar bugun takardu za mu yi, wato abin da za ka kai shagon fotokofi ko ka buga a firintar ofis in makarantarku na da ita, don koyar da lissafi ga yaranmu masu buƙata ta musamman.

Toh abu na farko, kar ka ɗauki shafin littafin firamare ka ce a yi maka kofi talatin. Shafin nan lissafi ashirin ne a cunkushe ga hotuna ga ƙananan rubutu, kuma yawanci fotokofin wani fotokofi ne, an yi ta maimaitawa har 3 ta koma kamar 8, yaron da idonsa ke da rauni ko wanda hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda wallahi yana kallo zai ture takardar, sai a ce ba ya ja, alhali takardar ce ba ta yi ba.

Ku dubi wannan takardar da na shirya. Lissafi huɗu ne kawai a A4 guda, kowanne da filinsa. Ka ce wa mai kwamfuta ya sa rubutun Arial, girmansa 18 zuwa sama, ni na fi son 24, baƙi wuluk kan fari, ba ado ba fulawa a gefe. Yaranmu zabiya su farar takarda tana kashe musu ido saboda haske, to a buga musu kan takarda mai ruwan ɗorawa mara ƙyalli, kuma kar a zaunar da su suna fuskantar taga.

Maganar kuɗi kuma, na san aljihun malami ne ke shan wahala, don haka ku saurara da kyau. Abin da za a yi ta amfani da shi kullum, irin katin lambobi 0 zuwa 20, layin lamba, da wannan akwatin mai gida goma, layi biyu biyar-biyar, kar a buga shi kan takardar fotokofin nan ta yau da kullum, mai giram 80, sati guda ta yage. A buga kan kwali, in da hali a yi masa laminatin, wato a rufe shi da leda mai kauri, sai yaro ya rubuta da makar allo ka goge da tsumma gobe wani ya ɗauka. Kati goma masu ƙwari sun fi fotokofi ɗari. Kwali da gam da almakashi duk akwai su wajen masu kayan makaranta a kasuwar Wunti. Sai dai fa laminatin yana ƙyalli, na masu raunin gani a bar shi kwali zalla. Kuma a yanke kusurwar katin ta zama zagaye don kar ta soki yaro.

Akwatin goman nan ga yadda ake yi, kun gani, murfin kwalba bakwai na jera, gida nawa ya rage? Uku. Yaro ya gani da ido ya taɓa da hannu cewa 7 da 3 goma ne tun kafin ka rubuta masa a allo.

Kala tana da tsada, a ajiye ta inda take aiki, misali alamar tarawa ja, ta ɗebewa shuɗiya, su ma da maka mai kala za ka iya bi kansu. In makaranta za ta sayi firinta, mai tona, wato mai aiki da garin tawada busasshe, ta fi, ta tawada in ta kwana biyu ba a kunna ba ga zafi ga ƙurar hunturu sai kan da ke fesa tawadar ya bushe, sannan bugunta ruwa na taɓawa ya dame.

Kurame su hoto ne abincinsu. Kowane kati ya zama da lamba, da adadin abu, da hoton hannu yana nuna alamar lambar, irin alamar da ake amfani da ita a ajinku ba wadda aka tsinto a intanet ba a duba ba.

Makafi kuwa firintar ofis ba abin da za ta yi musu ita kaɗai. Rubutunsu na Burel, wanda ake shafawa da yatsa, ɗigo shida ne masu tudu ake sarrafawa a fitar da kowane harafi, lambobi kuma haruffa goman farko ne, a zuwa j, da alamar lamba a gabansu, a ita ce 1, j ita ce 0. Injin buga shi yana da tsada, amma allon hannu na rubuta Burel da tsinkensa suna yi, sai dai takardar ta zama mai kauri in ba haka ba ɗigon zai lotse. Siffofi kuma ka buga da'ira ko alwatika babba, ka bi layin da gam ka manna zare mai kauri, ya bushe, yatsa zai bi shi tsaf. Siffa ɗaya a takarda ɗaya don Allah, hannu ba ya karanta cunkoso.

Ka ajiye komai a filas da kuma wayarka, ranar da aka kawo wuta ka buga na sati gaba ɗaya, kowane yaro da ambulan ɗinsa da sunansa. Darasi mai zuwa za mu yanka katin kuɗi na wasan kanti, ku tanadi kwali da murafen kwalba kamar ashirin. Sai mun haɗu.