Masu jiran shari'a: inda aka makale tsakanin kotun majistare da babbar kotu

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, ina gaishe ku. Batun da zan yi magana a kai shi ne halin mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya ba tare da kotu ta same su da laifi ba, waɗanda yawansu ya kai kusan kashi biyu cikin uku na dukkan waɗanda ke ciki.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40. Ya kuma ce wanda ke tsare, idan wata biyu ta wuce ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne. Sai dai sashen ya keɓe laifukan da hukuncinsu kisa ne, kuma ta wannan ƙofar ce ɓarna ke shigowa.

Ga yadda abin ke faruwa. 'Yan sanda su kama matashi, su rubuta masa tuhumar fashi da makami, laifin da hukuncinsa kisa ne, su kai shi kotun majistare, alhali kowa a ɗakin ya san majistare ba shi da hurumin sauraron wannan ƙara, sai babbar kotu. Ba za a tambaye shi ko ya amsa laifi ko ya musanta ba. Alƙali zai ba da umarnin a ajiye shi har sai ma'aikatar shari'a ta duba kundin bincike ta ba da shawara. Daga nan uwarsa za ta yi ta sintiri da kwanon abinci ranar ziyara, kullum amsar da take samu ita ce fayil bai fito ba. Wani lokaci ma an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, fayil ɗin kuma yana can cikin durowa.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. Suna cewa binciken kisa ko garkuwa da mutane ba ya kammaluwa cikin kwana biyu, kuma Kotun Ƙoli da kanta, a shari'ar Lufadeju da Johnson ta 2007, ta amince da irin wannan ajiya. Na yarda da su zuwa nan. Inda muka rabu shi ne ajiyar da ba ta da wa'adi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade kwana 14 a karon farko, kowane ƙari kuma ba ya wuce kwana 14, sannan idan aka kai ƙarshe hukuma ba ta kawo gamsasshen dalili ba, kotu ta sallami mutumin. Jihohi sun yi nasu irin dokar, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Tambayar da nake yi wa alƙalanmu cikin girmamawa ita ce, sau nawa ake ƙirga waɗannan kwanaki?

Kun tuna yaran da aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Sai a farkon Nuwamba aka gurfanar da su a Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin kowannensu naira miliyan 10. Da hotunansu suka karaɗe duniya, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Wanda ke tsare a gidan gyaran hali na Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, babu mai ɗaukar hotonsa.

Akan ce mafita ita ce a rage cunkoso ta hanyar biyan tara, kamar yadda ma'aikatar cikin gida ta yi a 2023, ta saki mutum 4,068. Aikin alheri ne, amma waɗannan an riga an yanke musu hukunci. Mai jiran shari'a ba shi da tarar da za a biya masa. Haka kuma gyaran tsarin mulki na 2023, da ya ba jihohi damar gina nasu gidajen gyaran hali, zai iya sa gwamnoni su ji nauyin ciyar da waɗanda kotunansu suka ajiye, tunda mafi yawan waɗannan ƙararraki na jihohi ne, gwamnatin tarayya kuwa ke ɗaukar ɗawainiyar. Ina ganin ranar da kuɗin abincin mai jiran shari'a ya fara fita daga baitulmalin jiha, kwamishinan shari'a zai fara tambayar inda fayil ya kwana.