Namiji za a harba ko mace? Lacca a kan kiwon barewar daji a Amurka

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo yau: yadda garke ke ƙaruwa, wanda ya kamata a harba, sai kuma yadda ake ƙidaya.

Kafin nan, barewar da nake nufi ta Amurka ce, mai farar wutsiya. Ta bambanta da tamu. Namiji kaɗai ke da ƙaho, ƙahon mai rassa ne kamar busasshen itace, kuma duk shekara idan sanyi ya yi nisa yakan faɗi, wani ya sake tsirowa. Barbara a watan Nuwamba, ciki kwana 200 ko kusa da haka, kuma macen da ta ƙoshi tagwaye take haifa. Ku riƙe wannan, tagwaye.

To, na farko. Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da barewar nan da harbi, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a ƙasar gaba ɗaya. Sai jihar Pennsylvania ta yi doka a 1907: a harbi namiji, kada a taɓa mace. Duk wanda ya tashi a gidan kiwo ya gane hikimar. Bafulatani yakan kai bijimi kara, amma saniya mai haihuwa sai dole ta kama shi. Dokar ta yi aiki. Ta yi aiki har ta zarce. Domin namiji ɗaya yana iya bin mata da yawa, ko ka harbe yawancin mazan, kusan kowace mace sai ta ɗauki ciki. Yawan garke a hannun mata yake. Bari in maimaita saboda masu rubutu: yawan garke a hannun mata yake. Yau ana ƙiyasta barewar nan kusan miliyan 30.

Bari in ba ku labarin Kaibab, don ba na iya wuce shi. Wani tudu ne mai daji a arewacin babban kwazazzabon da ake kira Grand Canyon, jihar Arizona. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya mayar da wurin gandun da aka hana farauta. Barewar can wani jinsi ce mai manyan kunnuwa, an ce kamar 4,000 ne a lokacin. Aka hana harbinsu, aka kuma bi kyarkeci da damisar dutse da dilolin wurin ana kashewa, duk don tausayin barewa. Zuwa 1924 wasu sun ce garken ya kai 100,000. Masana na baya sun ce an yi ƙari a lissafin, amma yunwar da ta biyo baya kowa ya gan ta da idonsa. Kun san yadda akuya ke miƙewa a kan ƙafafun baya ta ciro ganye? Haka suka yi wa dajin. Daga ƙasa zuwa inda baki ya kai, fes, kamar an bi da almakashi an daidaita. Tsiro ba ya tashi. Da sanyi ya zo, dubbai suka mutu, ƙananan ne suka fara. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wannan idan ta ci ta ƙoshi ne. Uwar da ta rame, ɗanta ko miƙewa ba ya yi.

Har wata dabara aka gwada a Disambar 1924. Aka tara mahaya dawakai da 'yan ƙabilar Navajo, da ƙararrawa da gwangwani, wai za a kora dubban bareyi a tsallakar da su zuwa ɗaya gefen kwazazzabon. Sun ɗauka tumaki ne za a kai kasuwa! (dariya) Ko ɗaya ba ta tsallaka ba.

Aldo Leopold, wanda ya rubuta littafin koyar da fannin kula da namun daji a 1933, ya yi ta kafa hujja da Kaibab. Da ya nemi a rage matan barewa a jihar Wisconsin a 1943, maharba suka taso masa. A wurinsu harbin mace abin kunya ne, kakanninsu sun hana.

Ina muke? Na uku... a'a, na biyu ne. Maza. Idan kowa namiji yake nema, ɗan shekara ɗaya da rabi ake harbewa, ba ya samun girma. Saboda haka a 2002, a ƙarƙashin wani masanin namun daji mai suna Gary Alt, Pennsylvania ta ce sai mai rassa uku ko huɗu a gefe ɗaya na ƙaho, ta kuma ƙara takardun izinin harbin mata. Ya sha zagi sosai. Wisconsin ma ta taɓa cewa sai ka kawo mace kafin ka sami izinin namiji, aka soke a 2011. Ƙidaya kuwa, lokaci ya ci mu: muƙamuƙin ƙasa ake dubawa, haƙora su faɗi shekaru, a auna nauyi...

Na'am, ɗana, mai hular can?

(Tambaya: Malam, ke nan mu ma a nan mu fara harbin matan?)

Subhanallahi, a'a! Na gode da ka tambaya, da wani ya fita da wannan fahimtar. Mu muna inda suke a 1900. Ka dubi farautar rani a ƙauyukanmu: a cinna wa daji wuta, a saki karnuka, gada mai ciki da zomo da duk abin da ya fito a kwashe. Yaushe rabonka da ganin barewa a bayan gari? Ka tambayi kakanka, shi ya gani. Mu dokar 1907 ce ta dace da mu, a bar mace, a bar lokacin haihuwa, a daina ƙonawa. Kuma sarkin baka ne zai iya tsayar da wannan, don maharba maganarsa suke ji. An kira la'asar, bayan salla mu dawo kan haƙoran nan, na taho da hotunansu.